Katakon Cuku a Gidan Alhaji Daouda

Latifa ce ta kawo shawarar. Ni kuwa a lokacin, ko cewa ta yi in kwaso mata kogin Rhône a buta in kai Paris, da buta zan fara nema kafin in tambayi dalili.

"Ka san yadda Layya take a ƙasar nan," in ji ta a waya. "Baba ya ba da ragonshi a abatuwa, mayankar gari. Sai an sauko idi a yanka, sannan a bi layi. Kafin nama ya iso gida la'asar ta yi. Salo, falonmu ke nan, cike da baƙi, ba abin sa wa baka sai jus da biskit. Bara wani tonton, abokin Baba, har barci ya yi bisa kujera don yunwa. Ka zo da abin taɓawa mana, irin wanda ka yi muna a Lyon."

"Planche ɗin? Katakon nan na nama da cuku?"

"Ita fa. Su ga hannunka kafin su ji bakinka. Don bakinka, Rachidou, in tsoro ya kama ka, sai addu'a."

Ban yi musu ba, don gaskiya ta faɗa.

A Villeurbanne, kusa da Lyon, nake zaune, cikin ɗan ɗakin da na kama tun ina lakwal, makarantar injiniyoyi. Ko da na samu aiki ban tashi ba, don taram, jirgin cikin gari, kusan a bakin ƙofata yake tsayawa. A wurin aikin ne na fara ganin abin. Duk ƙarshen shekara abokan aikina sukan ɗora wani dogon katako a kan tebur, su jera masa yankakken nama da cuku iri-iri da inabi, a kewaye shi a tsaye ana tsinta ana hira kafin babban abinci. Ni kofin jus ne rabona, don naman nasu na alade ne. Amma tsarin ya shiga raina, har na koyi yin nawa da naman halal. Ranar da ɗaliban Nijar suka yi taro a Lyon na jera shi, sai ga wata ɗalibar farmasi da ta zo daga Paris ta miƙa hannu ta ɗauki cukun nan mai koren fumfuna wanda kowa ya kauce wa. Ta ci, ta lumshe ido, ta ce, "Wa ya yi wannan haukan mai daɗi?" Tun daga ranar ban sake zama ni kaɗai a cikin kaina ba.

Mahaifinta, Alhaji Daouda, Badamagare ne, yana sayar da shadda da atamfa a unguwar Château Rouge ta Paris, gidansa kuma na Clichy-sous-Bois, a bayan gari. Ya ji labarina, ya ce in zo ranar Sallah ya gan ni. In na kwanta masa, zai ce in turo magabata. In ban kwanta masa ba, shi ke nan, don Latifa ta ce mahaifinta ba ya maimaita magana, ita kuma ba za ta tsallake maganarsa ba, ko da zuciyarta za ta tsage. Ta kuma gaya mini abin da yake yawan faɗa game da irinmu da muka daɗe a nan: fatar ta gida ce, cikin na Nasara.

Da na gaya wa Innata a Tawa, sai da ta yi guɗa a waya, sannan ta sauke murya.

"Ka ji ni da kyau. Gidan da ka tahi neman ɗiya ba gidan ci ba ne. Ko ruwa anka ba ka, taɓa leɓe ka aje. Ubanka da ya zo gidanmu wuni ya yi gaban kakanka, anka kawo hura, anka kawo tuwo, ko ƙwaryar bai kalla ba. Sai da ya hita gari sannan ya faɗa ma rijiya. Kar ka sa Damagarawa su ce mutanen Tawa ba su da kunya."

"To, Inna."

Ban ga wata wahala a ciki ba. Ni zan jera, su za su ci.

Jajibirin Sallah na ja abokina Ilya muka shiga kasuwa. Ilya ɗan Maraɗi ne, yana digirin lissafi, kuma bai taɓa ganin abu ya bar shi ba tare da ya yi masa ba'a ba. Matar da nake sayen cuku wurinta ta yanko mini comté, mai tauri da launin man shanu, wanda ake ji kamar an soya gyaɗa a cikinsa. Ta ba ni Saint-Marcellin a ƴan kaskonsa na ƙasa, mai laushi har yana neman kwarara. Sannan na nuna mai fumfunar.

Ilya ya kama hannuna. "Tsaya. Wannan za ka kai ma Badamagare ranar Sallah?"

"Latifa na son shi."

"Latifa kuma kai take so, ka ga ke nan ba a dogara da zaɓinta. Wallahi in ni ne Alhaji, daga ƙofa zan sa a yi maka ruƙiyya."

Na saya duk da haka. A wurin mahaucin halal na Guillotière na sa aka yanka mini busasshen naman sa, siriri har ana hango yatsa ta bayansa, da sosis ɗin talotalo mai hayaƙi. Sauran kayan kuwa suna ɗakina tun makon da ya wuce, don Inna ta ba wani matafiyi saƙo: kilishin Madawa mai jan yaji, da cukunmu na gida, fari, busasshe, falle-falle, da zanen tabarmar da aka shanya shi a kai kwance a jikinsa. Da na buɗe ledar, ɗakin Villeurbanne ya koma rumfar Inna na ɗan lokaci, har sai da na zauna a bakin gado.

Washegari na yi idi da mutanen unguwarmu, na ruga gar, tashar jirgin ƙasa, da katakona a hammata, nannaɗe cikin zane, jakar kaya a ɗaya hannun. Rana ta buɗe sosai a ranar. Tun jirgi bai yi nisa ba na fara jin Saint-Marcellin yana sanar da kansa. Wani dattijon Bafaranshe da ke kusa da ni ya shaƙi iska, ya yi murmushi, ya ɗaga mini babban yatsa. Sai hankalina ya kwanta, ban tuna cewa ba hancin Bafaranshe zan je nema wa yarda ba. Na biya Château Rouge na sayi dabino da aya da ɓaure. Titin cike da manyan riguna da ƙamshin turare, ana ta barka da Sallah da harsuna goma, kamar an ɗauko kasuwar gida an dire ta a bakin metro. Daga nan na kama hanyar Clichy, jirgi sannan taram, zuciyata na gudu ta riga su duka.

Salon Alhaji cike yake da maza, wasu a kujera, wasu a kan darduma. Na tuɓe takalmi, na durƙusa tun daga ƙofa.

"Barka da Sallah, Alhaji."

"Barka kadai. An zo lahiya? Ya hanya? Ya mutanen Lyon? Ya aiki? Ya labarin gida, suna lahiya?"

Na amsa ɗaya bayan ɗaya, idona a kan darduma. Dogo ne, siriri, da farar shadda mai sheƙi, irin mutanen da ko shiru suka yi sai ka ji kamar tambaya suke. Ya dubi abin da ke hammatata.

"Wannan fa?"

"Ɗan abin taɓawa ne, Alhaji, kafin nama ya iso."

"Madalla. A kai shi ciki."

A kicin na tarar da Latifa cikin leshi ruwan zuma, ta yi kyau har na manta da wace irin gaisuwa ake yi wa mutane. Mahaifiyarta ta amsa gaisuwata daga bayan ƙofa ta janye, kamar yadda ya kamata. Amma a kusurwa, kusa da taga, akwai wata ƴar tsohuwa a kan kujera, da carbi a hannu da tabarau mai kauri. Hajiya Husainatu ke nan, mahaifiyar Alhaji, wadda ta zo daga Damagaram a duba mata ido. Kowa Kaka yake ce mata.

Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. "Wannan ne mijin nawa? Latifa, ashe da kika ce ɗan saurayi, ƙashi da rai kike nuhi. Kai, ba su ba ka abinci a garin naku?"

"Suna ba ni, Kaka."

"Ƙarya kake. Bar wannan yarinya, ko ruwan zahi ba ta iya ba. Ni ka aura, wata guda ka yi tumbi."

"Kaka, ki nemi naki," in ji Latifa tana dariya.

Na san wasan, don haka kakanni suke yi da masu neman jikokinsu ko'ina a ƙasarmu. Ita kaɗai ce a gidan nan da zan iya ɗaga ido in kalla. Sai na ji numfashina ya dawo daidai.

Na warware zanen, na goge katakon, na fara aiki. Cuku na fara sawa, don shi ne ginshiƙi: comté na yanka shi tsinke-tsinke na jera kamar haƙoran mashaci, kaskon Saint-Marcellin a tsakiya, mai fumfunar can gefe shi kaɗai don kada ya shafi maƙwabtansa. Naman sa na riƙa ninka shi biyu ina murɗawa, ina tsayar da shi kusa da juna har ya yi kamar furen da ya buɗe. Sosis na yanka shi ƙwaya-ƙwaya na kwantar da shi ya zagaye kaskon. Kilishi ba ya son wuƙa, da hannu na ɓalla shi, na soke shi tsaye a bayan comté. Cukun Inna na ba shi wuri mafi kyau, kusa da ƴar tasar zuma. Sai na cike ramukan da suka rage da dabino da aya da ɓaure da inabi, don katako in ana hango itacensa bai cika ba. Latifa tana yanka burodi a gefena, sau biyu hannunta ya zo ɗaukar dabino daidai lokacin da nawa ya zo, ba kuma na jin kuskure ne.

"Mi ke wari haka?" in ji Kaka. "Latifa, duba firigo, wani abu ya mutu."

"Ba abin da ya mutu, Kaka."

"To, yana hanya."

Ni na ɗauki katakon da kaina zuwa salo. Na ajiye shi a kan ƙaramin tebur a tsakiyar maza, na ja baya na durƙusa. Wallahi ya yi kyau. Ja da fari da ruwan ƙasa da kore, kamar shaddar da aka yi wa aiki. Na jira in ji an ce masha Allah.



Wani aminin Alhaji, Malam Salifou, mai kawo fata daga gida, shi ya fara matsowa. Ya gyara tabarau, ya sunkuya a kan sosis ɗin, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗana, wannan jan mai ɗigon kitse. Na taɓa ganin ɗan'uwanshi rataye a butik ɗin Nasara."

"Na talotalo ne, Malam. Wurin mahaucin Musulmi na saye shi. Halal ne."

"Uhm. Kama dai ta yi yawa."

Wani Bakano da ke gefe ya toshe hanci da bakin rigarsa, ya nuna mai fumfunar. "Shi kuma wancan ai ya yi esfaya, Alhaji. Kalli, har ya fara tsiro."

Aka yi dariya, amma gajeriya. Yunwa ta sa kowa ya ƙura wa katakon ido, shakka ta hana kowa miƙa hannu. Ko kilishin da suka sani ba su taɓa ba, tunda ya kwana katako ɗaya da abin da ba su yarda da shi ba. Duk suka juya wajen mai gida.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Ba mu ƙi ba. Yaro ya yi ƙoƙari. Amma abin da mutane ba su sani ba, mai shi ke fara sa hannu. Rachidou, bisimilla. Ci mu gani."



In na miƙa hannu na tauna nama a gaban mutumin da na zo neman ɗiyarsa, a gaban aminansa, to na tabbatar masa da maganarsa da bakina: ga yaron da Faransa ta wanke wa kunya. In kuma na ƙi, me za su ce? Ya kawo mana abin da shi kansa ba ya iya ci. Daga nan ba wanda zai ƙara yarda cewa talotalo ne. Ban san ko gwada ni Alhaji yake yi ba, ko kuwa tsakani da Allah yake so ya kawar wa baƙinsa shakka. Fuskarsa ba ta gaya mini komai ba.

"Alhaji," na ce, muryata kamar ta wani, "a yi mini haƙuri."

"Mi?"

"Ba na iyawa."

Malam Salifou ya koma ya jingina, ya tafa hannu sau ɗaya. "To, kun ji. Mai kaya ya ƙi kayanshi."

Na so in yi bayani, amma yaya mutum zai buɗe baki ya ce wa dattijo, ina jin kunyarka don ina so in zama surukinka? Faɗar ma rashin kunya ce. Na sunkuyar da kai. Gumi ya bi ta bayan kunnena ya shiga wuyan rigata. Na hango gefen leshin Latifa a bakin ƙofar kicin, bai motsa ba. A raina na fara ganin kaina cikin jirgin komawa, da katako a cinya.

Sai aka ji ƙarar sanda a kan tayil.

"Daouda."

Duk salon ya gyara zama. Kaka ce ta fito, tana dogara sandarta, mayafinta ya zame gefe guda.

"Daouda, kai da ka je gidan su Maimouna, uwar Latifa, neman aure, ka ci?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Hajiya..."

"Ina tambayarka. Ka ci? Ba kai ne ka dawo mini da azahar kana rawar yunwa ba, har ka cinye tuwon ƙannenka?" Ta juya wajen Malam Salifou. "Kai kuma Salifou, da gemunka, kana zaune ana ce ma ɗan mutane ya ci gaban uban yarinya, kana tafi. Ku da kuke cewa yara sun zama Nasara, ashe ku kunka riga su."



Ta matso, ta kama wuyan hannuna da yatsunta masu sanyi, ta ja. Ban san tsohuwa na da ƙarfi haka ba.

"Tashi. Gabansu ne ba ka ci. Ni matarka ce, gabana sai ka ci har ka yi gyatsa. Latifa, ɗauko katakon mijina."

Haka muka koma kicin, ni da Kaka a gaba, Latifa da katako a baya. Kaka ta hana a rufe ƙofa. Ta zaunar da ni a bayan firigo inda ba mai hango ni daga salo, ita kuma ta ja kujerarta ta zauna a bakin ƙofa, rabin jikinta a ciki, rabi a waje.

"Fara da jan nan da ya tsorata Salifou."

Na yi bisimilla na ci.

"Ya ci!" ta faɗa da ƙarfi wajen salo. "Ya yi bisimilla ya ci, ya haɗiye, ga shi nan da ranshi!" Ta juyo. "Saura mai tsiron."

Na lakato mai fumfunar a kan burodi na ci.

"Ya ci ruɓaɓɓen ma! Ko fuska bai ɓata ba. Wannan yaro in ya iya haɗiye wannan, zai iya zama da Latifa."

Daga salo na ji dariya ta fashe, ta gaske a wannan karon, har da ta Bakanon nan. Latifa ta juya wa ƙofa baya, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko dariya take ko kuka, ina jin duka biyun ne.

Kaka ba ta tsaya nan ba. Ta ce ba za ta aika wa ɗanta abin da ba ta ɗanɗana ba. Ta ci naman sa ta gyaɗa kai. Ta ci sosis ta ce gishiri ya yi yawa amma tsuntsu ne, ta san tsuntsu. Mai fumfunar ta sa a harshe, sannan ta nemi takarda ta tofar, ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya fara ƙirƙiro shi. Comté da zuma kuwa sai da ta ƙara. Da hannunta ya kai kan cukun Inna, ta ɗaga shi kusa da tabarau, ta shafa zanen tabarmar da babban yatsa.

"Wannan daga ina?"

"Innata ta aiko shi daga Tawa."

Ta ɓalla kaɗan ta sa a baka. Haƙoranta ba su da yawa, sai ta bar shi ya jiƙa.

"Tun da na zo garin nan," in ji ta a hankali, "yau na ci abinci."

Sannan ta sa Latifa ta mayar da katakon salo, bayan ta tsame mai fumfunar ta ce a kai shi baranda ya sha iska shi kaɗai. Daga inda nake ina jin su. Da farko shiru, sai ƙarar kilishi ana ɓallawa, sai muryar Malam Salifou yana cewa a miƙo masa jan nan ya gani da kyau, sai kuma ya ce a ƙara miƙo masa. Bakanon ya tambayi sunan mai kaskon, aka gaya masa, ya kasa maimaitawa, ya ce ko ma mene ne sunansa a ajiye masa saura.

Can Kaka ta ce in leƙa in ga aikina. Na fito na tsaya a bakin ƙofar salo. Katakon ya yi rabi. Alhaji yana riƙe da ɗan faranti, ya ɗora cuku da dabino da naman sa, yana shirin kai hannu baka. Sai idonsa ya faɗa a kaina. Hannun ya tsaya. Ya mayar da naman cikin faranti, ya miƙe, ya tattara rigarsa, ya wuce ɗakinsa da farantin ba tare da ya ce mini uffan ba, ya turo ƙofa.

Na koma kicin jikina a sanyaye.

"Ya yi fushi," na ce. "An kunyata shi gaban mutane saboda ni. Ko kallona bai so ya yi."

Kaka ta dube ni ta saman tabarau. "Latifa, ke kika ce injiniya ne?"

"Eh, Kaka."

"To injin ya fi shi wayo. Kai, wawa. Mutum na ɓoye ma baƙo bakinshi? Baƙo ana ci gabanshi, a sha, a yi sakace. Daouda ya ɗauki faranti ya shige ɗaka don kar ka ga yana tauna. Wa ake ma haka in ba suruki ba?"

Latifa ta rufe fuska da mayafi.

Ba a jima ba Malam Salifou ya leƙo kicin, yana share yatsu da hankici. Ya gaida Kaka da ladabi fiye da na ɗazu, sannan ya dube ni.

"Alhaji ya ce in gaya ma yaron nan na Lyon," in ji shi, "in an gama hidimar Sallah, mutanenshi su zo. Ya ce ƙofa buɗe take." Ya ɗan yi jim. "Ni kuma na ce, in za su zo, su biyo da jan nan. Na talotalon."

Ban san lokacin da na sauka ƙasa ba. Na durƙusa a gaban kujerar Kaka, na kama hannunta da hannuwana biyu na ɗora a goshina. Duk kalmomin da na tara a rayuwata, na Hausa da na Faransanci, ba wadda ta zo. Abin da ya fito kawai shi ne, "Na gode, Kaka. Allah ya saka. Allah ya ƙara lahiya, Allah ya buɗe idon nan." Ina faɗa ina maimaitawa, hawaye na zuba a kan zoben azurfarta, ban damu da Latifa na gani ba.

"Amin, amin," in ji ta, tana dafa kaina. "Ya isa, kar ka jiƙa mini zane. Ni ban yi don kai ba, kishiya nake nema mai ƙuruciya da za ta riƙa dama mini hura."

A ƙasa aka yi oda mai tsawo, wani ya ƙwala kira daga matakala cewa nama ya iso. Gidan ya ruɗe da motsi, mata na neman manyan robobi, maza na neman takalmansu. Kaka ta zare hannunta ta tura ni da sanda.

"Tashi ka tahi ka kama musu. Ka ɗauko cinya, kar ka ɗauko kai, su ga kana da ƙarhi."

Na share fuska, na sauka da gudu.